Motar Haidirojin: Tsakanin Muhawarar Gareji da Lissafin Aljihu a Bauchi

BAUCHI — Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya kau, hirar da ake yi a garejojin kanikawa da tashoshin mota na garin Bauchi ta sauya alƙibla. A da, idan masu sha'awar motoci suka haɗu, gardamar ba ta wuce wace mota ce ta fi jan hawa a hanyar Jos, ko wane inji ne ya fi jure zafin watan Afrilu ba. A yanzu kuwa tambayar farko ita ce me motar take sha, ta biyu kuma nawa ne kuɗinsa.

Dalilin a bayyane yake. Litar fetur da hukuma ta ƙayyade a ƙasa da Naira 200 kafin wancan jawabi ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai Naira 617 a Abuja a watan Yulin shekarar, sa'an nan ta zarce Naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Dattawan direbobi da suka sha fetur a kan Naira 11 a shekarar 1994 sun ga tashin farashi iri-iri. Saboda haka ne duk wani labari na motar da ba ta shan fetur yake samun masu sauraro daga tashar Muda Lawal har zuwa ɗakunan ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. A cikin irin waɗannan labarai, babu wanda ya fi ɗaukar hankali kamar na motar haidirojin, wadda aka ce ruwa ne kawai ke fita daga salansarta.

Maganar gaskiya ce, sai dai ba ita ce dukan gaskiyar ba. Abin da ya sa muhawarar kan yi zafi ba tare da an fahimci juna ba shi ne, abubuwa uku daban-daban ake kira da suna ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ma ba mota ba ce, tarko ne.

Haidirojin iska ce, wadda ta fi kowace iska rashin nauyi, ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta haɗu da iskar oksijin ta ƙone, ruwa ake samu. Hanya ta farko ta cin moriyarta ita ce wadda ta fi kwanta wa kanikawa a rai, domin ba ta rabu da abin da suka sani ba: a ƙona ta a cikin inji mai fistin da filogi, kamar yadda ake ƙona fetur. Wannan dabara ta girmi injin fetur kansa, domin tun a shekarar 1807 wani mutumin ƙasar Suwizalan, François Isaac de Rivaz, ya ƙera injin da ke aiki da ita. Masu goyon bayan wannan hanya na kafa hujja da cewa inji zai ci gaba da ruri, giya za ta ci gaba da shiga, kuma sana'ar wanda ya share shekara talatin yana kwance inji ba za ta mutu ba.

Amma masu lura da ƙarfin mota suna da abin cewa. Tururin fetur ba ya cin wuri a cikin silinda, bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, sauran duka iska ce. Ita kuwa haidirojin, idan aka gauraya ta da iska tun kafin su shiga, takan mamaye kusan kashi 30 cikin ɗari na wurin, wato ta rage iskar da injin zai shaƙa, ƙarfi kuma ya ragu. Ga shi tana saurin kamawa ainun, ta yadda ɗan zafi a kan filogi ko bawul kan isa ya tayar da ita kafin lokaci, injin ya riƙa tari yana mayar da wuta baya. Kamfanin BMW na Jamus ya gwada wannan hanya da motarsa Hydrogen 7, wadda ya ƙera guda 100 a tsakanin 2006 da 2007. An sa mata inji mai silinda 12, amma ƙarfin doki 260 kawai take bayarwa, alhali 'yar'uwarta mai shan fetur da irin wannan inji tana ba da fiye da 400. Tankinta na ɗaukar kilo 8 na haidirojin da aka daskarar ta zama ruwa a sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, wanda ke kai ta kimanin kilomita 200. Abin da ya fi ba masu sauraro dariya shi ne, idan aka ajiye motar ba a tuƙa ba, man yakan riƙa tururi yana ficewa da kansa har tanki ya bushe.

Ga mazaunin Bauchi, batun ƙarfi ba maganar ado ba ce. Garin yana kan tudun da bai wuce mita 600 da 'yan kai daga teku ba, Jos kuma ta kai mita 1,200, kuma injin da ba shi da turbo kan yi asarar kimanin kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 100 da ya hau. Direban da ya yi lodin fasinja da buhunan masara ya nufi Jos ta Toro ya san abin da ake nufi ko ba a faɗa masa da alƙalami ba. Injiniyoyi sun gano cewa idan aka fesa haidirojin kai tsaye cikin silinda bayan bawul ya rufe, ana iya dawo da ƙarfin da aka rasa. A watan Mayun 2021 kamfanin Toyota ya shigar da wata Corolla mai inji na silinda uku da ke ƙona haidirojin cikin tseren awa 24 a filin Fuji na Japan, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, yana cikin waɗanda suka tuƙa ta. Motar ta kammala tseren, ko da yake ta ɓata lokaci mai yawa tana tsayawa shan mai. Har ila yau, ba daidai ba ne a ce ruwa tsantsa ke fita daga irin wannan inji, domin zafin ƙonewa yakan haɗa naitirojin da oksijin na cikin iska su zama hayaƙi mai cutar da huhu, sai an sa abin tacewa.

Hanya ta biyu ita ce wadda manyan kamfanoni suka fi zuba jari a kai, kuma a cikinta ba a ƙona komai. Akwai wata na'ura da za a iya kira batir mai shan iska: haidirojin na shiga ta gefe ɗaya, oksijin ta ɗaya gefen, su haɗu a hankali ta cikin wata siririyar fata, sai a sami wutar lantarki da ruwa. Lantarkin ne ke juya ƙafafun motar. Wani Bature ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna asalin dabarar a 1839, kamfanin General Motors na Amurka kuma ya sa ta a cikin wata motar gwaji mai suna Electrovan a 1966, amma sai a watan Disamban 2014 ne Toyota ta fara sayar da Mirai a Japan. Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Nexo a 2018. Sabuwar Mirai ta 2020 tana ɗaukar kilo 5.6, tana da ƙarfin doki 182, hukumomin Amurka kuma sun auna mata tafiyar kimanin kilomita 650 da tanki ɗaya, wanda ake cikawa cikin kamar minti biyar. A takarda dai, wannan ya ishi mutum ya tashi daga Bauchi ya isa Maiduguri da saura.

A nan ne masu sha'awar motoci kan rabu gida biyu. Matasa masu karatun injiniya na yaba yadda irin wannan mota ke tashi da ƙarfi nan take ba tare da jiran inji ya ɗauki zafi ba, da kuma yadda take mayar da kusan rabin ƙarfin man zuwa aiki, alhali injin fetur da kyar yake cin moriyar kashi ɗaya cikin uku, sauran ya tafi a zafi ta lagireto da salansa. Tsofaffin hannu kuwa na ganin motar da ba ta da fistin, ba ta da kuloci, ba a canza mata baƙin mai, ba ta bar wa bakanike abin yi ba. Duka ɓangarorin biyu kan manta da abu ɗaya: motar haidirojin irin wannan motar lantarki ce, bambancinta kawai tana ɗauke da gidan wutarta a ciki. Duk wanda bai iya gyaran motar lantarki ba, ba zai iya taɓa ta ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kusa da aljihun talaka, shi ya sa ya fi haɗari. Wata 'yar kwalba ce ko gwangwani mai faranti na ƙarfe da ake ɗaurawa kusa da inji, a zuba ruwa, a jona da batir, a ce wai tana fitar da haidirojin da zai rage shan mai da rabi, wasu ma su ce motar za ta koma shan ruwa zalla. Lallai kumfa na tashi a cikin kwalbar, kuma lallai haidirojin ce. Sai dai wutar da ke raba ruwan daga batir take zuwa, batir kuma altaneta ke yi masa caji, altaneta kuwa inji ke juya ta, injin nan kuma fetur yake sha. Ƙarfin da ake kashewa wajen raba ruwa ya fi wanda ake samu idan aka sake ƙona iskar, kuma babu wata dabara da za ta kauce wa wannan, domin ruwa tokar haidirojin ce, abin da ya riga ya ƙone. Wanda ya fi shahara da wannan iƙirari shi ne wani Ba'amurke, Stanley Meyer, wanda wata kotu a jihar Ohio ta samu da laifin zamba a 1996, ta kuma umurce shi da ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu. Duk da haka hotunansa na ci gaba da yawo a wayoyin salula, ana cewa kamfanonin mai ne suka danne shi. Direban da ya kashe kuɗin balas na mako biyu a kan irin wannan kwalba, abin da zai iya samu shi ne altaneta ta gaji da wuri, da kuma iska mai saurin kama wuta a kusa da inji mai zafi.

Ina gidan man?

Idan aka ajiye kwalbar ruwa gefe, tambayar da kan kashe bakin kowa a gareji ita ce inda za a sha man. Haidirojin da ake sayarwa a duniya sarrafa ta ake yi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samar da kimanin tan miliyan 97 a shekarar 2023, kuma abin da aka samar ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Sauran daga iskar gas da kwal aka tatso shi, inda kowane kilo ɗaya da aka samu daga iskar gas kan bar kimanin kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ke nan salansar motar ce ke da tsabta, hayaƙin an bar shi can a masana'anta.

Hanya mai tsabta ita ce a raba ruwa da lantarki, kuma lissafinta kowa zai iya yi a bayan takardar siminti. Ana buƙatar kamar lita 9 na ruwa mai tsabta da yunit 50 ko fiye na lantarki, irin yunit ɗin da ake saye a mita, kafin a sami kilo ɗaya, wanda zai kai ƙaramar mota kimanin kilomita 100. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta sa farashin yunit ɗaya a kan Naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Daga Bauchi zuwa Gombe kimanin kilomita 150 ne. Motar haidirojin za ta buƙaci kilo ɗaya da rabi, wato yunit 75, kusan Naira 17,000 kuɗin wuta kaɗai, ban da kuɗin na'urar raba ruwa, da na matse iskar, da na dako, da ribar mai gidan mai. Ƙaramar motar fetur mai lafiyar inji za ta sha kamar lita 12, wato Naira 12,000 a farashin ƙarshen 2024. Motar batir kuwa, idan aka zuba mata wutar kai tsaye, yunit 30 ya ishe ta, ƙasa da Naira 7,000. Wannan kuwa idan an ɗauka akwai wutar ke nan, a jihar da ke cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba lantarki na Jos ke rabawa, inda masu walda da masu niƙa suka daɗe da sabawa da janareta.

Wannan lissafi bai tsaya a Bauchi ba, shi ne ya yanke hukunci a kasuwar duniya. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki masu caji fiye da miliyan 17, amma na haidirojin ba su kai dubu ashirin ba. A wannan shekarar gidajen man haidirojin a duk faɗin duniya kimanin dubu ɗaya ne, mafi yawansu a Sin, Koriya ta Kudu, Japan da Jamus. Honda ta daina ƙera motarta Clarity a 2021. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi sayen Mirai a ƙasar, farashin kilo ɗaya ya kai Dala 36 a 2023, kuma a watan Fabrairun 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajen mansa na ƙananan motocin haidirojin a jihar. Masu motocin da suka saya da tsada sun wayi gari suna bin layi irin wanda 'yan Nijeriya suka sani sarai, sai dai su ba su da 'yan bumburutu a bakin titi, domin haidirojin ba ta shiga jarka.

Batun jarka ya kawo maganar matsi. Tayar mota na ɗaukar iska ninki biyu da ɗoriya na matsin iskar da ke kewaye da mu. Tukunyar iskar gas ta mota, wadda ake kira CNG, tana ɗaukar ninki 200. Tankin Mirai kuwa ninki 700 ne, shi ya sa ake naɗe shi da zaren kabon mai tsada. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan iskar gas a birnin Benin, aka kuma danganta abin da tukunyar da aka yi wa walda ba bisa ƙa'ida ba. Idan haka ta faru a ninki 200, ba sai an faɗi abin da zai faru a 700 ba. Bugu da ƙari, haidirojin na sulalewa ta ƙofar da ko iskar gas ba za ta bi ba, tana sa wasu ƙarafa su yi gautsi, harshen wutarta kuma da kyar ake ganinsa da rana. Batir mai shan iska ma ɗan gata ne: ƙa'idar duniya ta ce sai haidirojin mai tsabtar kashi 99.97 cikin ɗari, a ƙasar da a watan Fabrairun 2022 aka shigo da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol ya lalata injuna a Legas da Abuja. Ga kuma ƙurar hunturu da dole matatar iskarsa ta yi fama da ita wata uku ko huɗu a shekara. A cikinsa akwai ƙarfen filatinam, ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu daraja da suka sa ɓarayi ke yanke abin da kanikawa ke kira indomi daga salansar motoci.

Darasin Steyr

Mutanen Bauchi ba su buƙatar zuwa Kalifoniya kafin su san abin da ke faruwa idan aka kawo injin zamani ba tare da abin da zai ciyar da shi ba. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali, Gwamnatin Tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida na haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano, sai Steyr a Bauchi, tare da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya. Na Bauchi manyan motoci da motocin noma yake haɗawa, kuma da yawa daga cikin dattawan kanikawan garin can suka koyi riƙe sifana, ko kuma a hannun waɗanda suka koya a can.

Ba a taɓa jin an ce motocin Steyr ba su da ƙarfi ba. Abin da ya karya kamfanin yana bayan fage. Yawancin sassan da ake haɗawa daga Turai ake shigo da su cikin akwatuna, ana biya da kuɗin waje. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda ya kamata ta ciyar da irin waɗannan kamfanoni, ba ta kammalu ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sai farashin kayan ya fi ƙarfin masu saye, gwamnatocin da su ne manyan abokan ciniki suka janye, tsofaffin motocin Beljiyam da na Kwatano suka cike giɓin. Daga baya an sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a ƙarƙashin shirin sayar da kadarorin gwamnati, amma bai koma matsayinsa na da ba. Motar haidirojin za ta shigo da irin wannan rauni ninki biyu, domin ba sassanta kaɗai za a shigo da su ba, har da na'urorin da za su samar mata da abin sha.

Ita kanta gwamnati ba wannan hanya ta fara bi ba. A watan Agustan 2023 aka kafa shirin Shugaban Ƙasa na iskar gas ta CNG, da burin mayar da motoci miliyan ɗaya zuwa amfani da ita nan da 2027. (Ya kamata a bambance: iskar gas ake nufi, ba man gas na manyan motoci ba, domin sunan kan rikita mutane a tasha.) Nijeriya na da iskar da ta haura ƙafa tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, kuma injin fetur na yau da kullum na iya shan ta bayan ɗan gyara, ko da yake ƙarfinsa kan ɗan ragu, tukunyar kuma ta cinye rabin but. Amma ko a nan matsalar dako ce. Bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ya taso ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano; Bauchi ba ta kan layinsa, sai dai tirela ta kawo. A ɓangaren lantarki kuwa, Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, a lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana samfurin Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantarta, ta kafa tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu aiki da batir. Waɗannan ƙananan matakai ne, amma ana iya zuwa a gani da ido, a taɓa da hannu.

Wannan ba ya nufin haidirojin ba ta da makoma a wannan yanki. Masana da dama na ganin wurinta yana inda batir ke yin nauyi fiye da kima, wato manyan motocin dako, injunan haƙa da na gona, da masana'antun ƙarfe da taki. Hyundai ya fara kai manyan motocinsa na Xcient ƙasar Suwizalan a 2020, kamfanin JCB na Ingila kuma ya ƙera injin haƙa mai ƙona haidirojin. Irin waɗannan motoci kan kwana a wuri ɗaya, su sha mai a wuri ɗaya, saboda haka gidan mai guda ya ishe su. Jamus, wadda ke neman inda za ta riƙa sayen haidirojin mai tsabta, ta buɗe ofishi na musamman a Abuja a kan wannan harka, kuma idonta na kan ƙasashe masu yalwar rana.

Akwai kuma labarin da ya fi faranta wa masu muhawara rai, domin daga maƙwabta ya fito. A shekarar 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako, sun ci karo da iska maimakon ruwa. Wani ma'aikaci ya matso da taba sigari a bakinsa, rijiyar ta kama da wuta, aka toshe ta. Bayan fiye da shekara ashirin wani attajirin ƙasar, Aliou Diallo, ya sa aka buɗe ta, gwaji ya nuna kusan kashi 98 cikin ɗari na iskar haidirojin ce. A 2012 aka jona ta da injin Ford da aka gyara, ya juya janareta, ƙauyen ya sami wutar lantarki karo na farko. Wannan rijiya ce ta zaburar da kamfanoni a Amurka, Faransa da Ostireliya suka shiga neman haidirojin ta ƙarƙashin ƙasa. Abin lura shi ne, ko a can ba mota aka fara ba wa iskar ba; an ƙona ta ne a bakin rijiyar, inda babu buƙatar matse ta ko yin dakonta.

A jihar Bauchi, wurin da ake sa wa ido shi ne Kolmani, a kan iyakar ƙaramar hukumar Alkaleri da jihar Gombe, inda a ranar 22 ga watan Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, aka kuma bayyana cewa akwai gangar ɗanyen mai fiye da biliyan ɗaya da iskar gas ƙafa biliyan 500. A cikin abubuwan da aka yi alkawari a ranar har da matatar mai, da tashar lantarki, da masana'antar taki. Takin yuriya kuwa ba ya samuwa sai da haidirojin: ana tatso ta daga iskar gas, a haɗa ta da naitirojin a sami amoniya, daga nan a yi taki, kamar yadda ake yi a masana'antar Ɗangote ta Lekki da aka buɗe a watan Maris na 2022, mai iya samar da tan miliyan 3 a shekara. Idan alkawarin Kolmani ya tabbata, haidirojin ta farko da za a sarrafa da yawa a wannan yanki a cikin buhun taki za ta fito, ta bi ta hannun dillalai zuwa gonakin masara na Toro da na shinkafa na Gadau, kuma tirela mai shan man gas ce za ta ɗauko ta.